Floß, Raft da Gadon Fito: Tafiyar Kalma Guda Cikin Harsuna Uku

Duk malamin da ya taɓa neman labarin ƙasar Hausa na ƙarni na 19 ya san cewa kashi mai yawa na abin da Turawa suka rubuta game da mu da Jamusanci aka rubuta shi. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da sunan Abdulkarim, Bajamushe ne. Haka Gustav Nachtigal, haka Paul Staudinger mai littafin tafiya cikin ƙasar Hausa na 1889. Mu kuwa kaɗan ne daga cikinmu su ke jin Jamusanci, saboda haka ta ƙofar Ingilishi littattafan nan su ke iso mana, daga nan mu juya wa ɗalibanmu da Hausa. Watau kowace kalma sai ta ƙetare kogi biyu kafin ta shiga aji. Nufina a wannan takarda in ɗauki kalma guda, in bi ta tun daga mafarinta, mu ga abin da ya ke zubewa a kowane ƙetare.

Kalmar ita ce Floß. Da dogon wasali a ke faɗinta, harafin ƙarshen nan kuma sautin s ne. In ka buɗe ƙamus na Jamusanci da Ingilishi za ka tarar an ce raft, ba kuwa kuskure aka yi ba. Amma kalmomin biyu ba ta fuska ɗaya suka dubi abin ba. Floß 'yar'uwar fließen ce, watau gudana, kuma daga wannan tushe aka sami Fluss, kogi. Ma'anarta ta asali abin da ruwa ya ke ɗauka ya tafi da shi. Raft kuwa Ingilishi ya aro ta daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda ta ke nufin gungumen itace ko azarar ɗaki. Bajamushe ya kira abin da sunan tafiyarsa, Bature na Ingila ya kira shi da sunan itacen da aka yi shi da shi.

Wannan bambanci yana da dalili a tarihi. A Jamus, Floß da farko ba abin hawa ba ne, shi kansa shi ne hajar. Masu saran itace a dazuzzukan kudu su kan ɗaure gungume da gungume, su sako su cikin ƙananan koguna har su shiga kogin Rhine, a haɗa su su zama babban dandali, a bi ruwa da shi zuwa ƙasar Holan, inda a ke bukatar katako domin gine-gine da sassaƙa jiragen ruwa. A ƙarni na 18 manyansu su kan wuce mita 200 a tsawo, da ma'aikata ɗaruruwa da bukkokin kwana a bisansu. In an isa sai a kwance, a sayar da itacen, mutanen su koma gida ta tudu. Jirgin ƙasa ne ya karya wannan sana'a, ko da ya ke ba ta mutu sarai ba, don a 2022 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da a ke kiyayewa. To, abin lura shi ne, Floß na wannan iri bin kogi ya ke yi daga sama zuwa ƙasa, tafiya ɗaya ba komowa. Ƙetare kogi daga gaɓa zuwa gaɓa aikin wani abu ne dabam, wanda Jamusawa su ke kira Fähre.

Har wa yau akwai tarkuna na rubutu waɗanda ya kamata mai fassara ya sani. Kafin gyaran ƙa'idar rubutun Jamusanci na 1996, kogi Fluß a ke rubuta shi, saboda haka a tsofaffin littattafai wasali ɗaya tak ya raba kogi da abin da ya ke yawo a kansa. Mutanen Suwizalan ba su amfani da harafin ß, su Floss su ke rubutawa, wanda ya yi daidai da wata kalmar Ingilishi mai nufin zare. Flosse kuma fiffiken kifi ne. Masu kamun kifi da ƙugiya su ma su kan kira ɗan abin nan mai tasowa bisa ruwa, wanda ya ke nuna kifi ya ci, da sunan Floß, a nan kuwa in ka ce raft ka ɓata magana. Shi ma Ingilishi yana da nasa: a kan ce a raft of a nufi tulin abubuwa, wannan kuwa kalma ce mai wani asali, kamannin rubutu ne kawai ya haɗa su.

Inda kalmomin biyu suka yi daidai sosai shi ne wajen abin da waɗanda jirginsu ya nutse su ke harhaɗawa don su tsira. Jirgin Faransa mai suna Méduse ya kafe a gaɓar Muritaniya a 1816 a kan hanyarsa ta zuwa Senegal. Aka zuba mutum wajen 147 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Zanen da Géricault ya yi na wannan masifa, Floß a ke ce masa a Jamus, raft a Ingila, ba wanda ya taɓa gardama.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne wuyar ta ke. Ɗalibin da ya tashi a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Ringim, ya san ruwa. Kogin Haɗeja ya ratsa ƙasar Ringim da Miga kafin ya shiga fadamun gabas, kuma ko bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ba ta daina raba ƙauyuka da kasuwanninsu ba, kamar yadda aka gani a 2022. Amma wannan ɗalibi bai taɓa ganin an ɗaure gungume an sako shi cikin kogi ba. Ƙasarsa ba ta da dajin da zai ba da irin wannan itace, yawancin kogunanta kuma da rani rairayi ne. Abin da kakanninsa suka dogara da shi duma ne. Masunci ya kan kwanta bisa gora ya yi iyo da ita. Mai fito ya kan zuba kaya cikin masaki, wani lokaci har da yaro ko tsohuwa, ya tura shi gabansa yana iyo. In kaya ya yi nauyi sai a haɗa goruna, a gitta sanduna a kansu, a sami gadon fito.

Kalmar da ta ke riƙe da wannan duka ita ce fito. Bahaushe bai kira abin da sunan gudanar ruwa ba, bai kuma kira shi da sunan itace ba, ya kira shi da sunan aikinsa, watau fid da mutum zuwa ɗaya gaɓar. Saboda haka gadon fito a siffa ya yi kama da Floß, a aiki kuwa Fähre ne. Wanda ya juya labarin masu itacen Rhine ya ce suna tafiya a kan gadon fito, ya sa ɗalibi ya ɗauka ƙetarar da mutane su ke yi, alhali kuwa itace su ke kaiwa kasuwa. A ganina a irin wannan wuri gara a haƙura da kalma ɗaya, a ce gumagumai ɗaurarru da a ke korawa bisa kogi. Magana ta yi tsawo, amma ta faɗi gaskiya.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne a ce jirgi, ko kwalekwale, a huta. Jirgi kalma ce mai haɗiye kome, tun daga na sassaƙe har na sama. Ga mai nazarin tarihi wannan hasara ce, domin abin da a ke ƙetare kogi da shi shaida ne. Yana nuna ko akwai manyan itatuwa a wurin, ko kogin yana riƙe ruwa duk shekara har ya cancanci a ajiye masa kwalekwale, ko ayari mai jakuna da raƙuma zai iya bi ta nan da damina. In fassara ta mai da masaki jirgi, ta share wannan shaida ba tare da kowa ya lura ba.

Game da Barth akwai sauƙi guda. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito da Ingilishi a London, da Jamusanci kuma a Gotha, duka a 1857 da 1858, kuma shi da kansa ya tsaya a kan biyun. Wanda ya yi shakkar wata kalma a ɗaya yana iya duba ɗayan. Shi dai bai bi ta Dutse ba. Ya bar Kano cikin Maris na 1851, ya bi ta Gumel zuwa Kukawa, da rani, lokacin da ba a bukatar fito. A Barno ya yi ma'amala da ruwa, kuma al'adarsa ce ya rubuta sunan abu da harshen masu shi kusa da bayaninsa. Ta haka ya rubuta mákara, kalmar Barebari ta abin hawan ruwa. Nan ma sai Bahaushe ya yi hattara, gama makara a wurinmu abin ɗaukar gawa ce, kuma malamin da ya karanta wa aji wannan wuri ba tare da bayani ba zai ga yara sun dubi juna.

Nachtigal kuwa sai tsakanin 1971 da 1987 Allan Fisher da ɗansa Humphrey suka fitar da fassararsa ta Ingilishi, Staudinger kuma sai 1990 ta hannun Johanna Moody. A waɗannan littattafai kalmar Ingilishin zaɓin mai fassara ce, ba ta mawallafi ba. Wanda zai juya su da Hausa, in ya tarar da raft, ya kamata ya nemi shafin Jamusancin ya ga ko Floß aka ce ko Fähre, ya karanta bayanin da ya ke kewaye da kalmar, sa'an nan in da hali ya kai bayanin ga wani tsohon mai fito a bakin kogin Ringim, ya tambaye shi sunan abin.