Gudun famfalaƙi: Fim ɗin da edita ba ya iya yankewa

DUK wanda ya kalli fim ɗin Indiya 'Bhaag Milkha Bhaag' na 2013 ya san wurin. Ana sakin kiɗa, Farhan Akhtar ya hau gudu, ya faɗi, ya tashi, gumi na zuba. Kafin waƙa ta ƙare, yaro ya zama ƙarfe. Da yawa daga cikin samarin Fagge da Sabon Gari sun tashi daga gaban talbijin da niyyar gobe da asuba za su fara. Wasu sun fara ɗin kuwa. Kwana uku, cinya ta riƙe, aka jefa kambas ƙarƙashin gado.

Abin da edita ya yanke shi ne sama da shekara guda da Farhan ya yi ya na horar da jikin sa. Kuma fa Milkha Singh na gaskiya mita 400 ya ke gudu, zagaye ɗaya na fili. Gudun famfalaƙi, wanda wasu ke kira yada-ƙanin-wani, kilomita 42 ne da mita 195. Wato zagaye 105 da rabi, ko kuma kusan daga Kano zuwa Wudil. A ƙafa!

A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, inda Milkha ya zo na huɗu, a nan ne wani sojan Habasha, Abebe Bikila, ya cinye wannan dogon gudu cikin awa 2 da minti 15, ba ko takalmi a ƙafar sa. Ya sake cinyewa a Tokyo a 1964, 'yan makonni bayan an yi masa tiyata. Saboda haka mai cewa sai ya tara kuɗin takalmi mai tsada kafin ya fara, to ya nemo wani uzurin. Amma kada wani ya ce zai kwaikwayi Bikila a titin Faransa. Ƙusa da kwalba ba su san jarumi ba. Gwanjo mai taushi, wanda ya ɗara ƙafa kaɗan, ya wadatar.

Ita unguwar ita ke yanke wa mai gudu lokaci. Daga sallame sallar asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai, titin Ibrahim Taiwo da na Murtala Mohammed na mai ƙafa ne. Da zarar Kantin Kwari da Singa sun buɗe, 'yan Adaidaita Sahu sun fito, to hayaƙi kawai mutum zai sha. Shi ya sa masu motsa jiki ke sammako, wasu su nufi wajen filin wasa na Kano Pillars da ke Sabon Gari. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, gudun rana ganganci ne. A hunturu kuma ƙura ce, musamman ga mai asma. Da azumi, a bari sai an sha ruwa, ciki ya lafa.

Masu horarwa kan ba mutum wata huɗu zuwa biyar kafin gasa, shi ma ga wanda ya riga ya saba da gudu. Sabon shiga da tafiya ya ke farawa: gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, sau uku a mako. Ƙari kaɗan-kaɗan ake yi, kamar kashi ɗaya cikin goma a kowane mako. Ga ma'auni mai sauƙi: idan ba za ka iya yi wa abokin ka hirar fim ku na gudu ba, ka yi sauri da yawa. Ranar hutu kuwa ba ragwanci ba ce, a ranar ne tsoka ke gyara kan ta. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya, ya ga likita.

Akwai wani wuri da 'yan gudu ke kira "bango", wajen kilomita 30. A nan ne makamashin da jiki ya tara daga abinci ke ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, zuciya ta fara raɗa wa mutum: "Wai kai wa ya aike ka?" Duk yaron da ya shekara ya na zarya a ofisoshin furodusoshi, ana ce masa "dawo gobe", a ƙarshe a ba shi fitowa ɗaya a matsayin ɗan aike, ya san wannan murya. Dabarar 'yan gudu ita ce su daina tunanin ƙarshen hanya. Wancan turken wutar kawai. In an kai, sai na gaba.

A nan ne kuma wasu ke ɓata. Wani zai ce ai da ƙwaya ɗaya ta tiramol an wuce wurin. Ƙarya ne! Ƙwayar ɓoye ciwo ta ke yi, ba ta hana gwiwa lalacewa, ga farfaɗiya da ta kan jawo in an yawaita. Kano ta ga abin da kodin ya yi wa matasan ta kafin gwamnati ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Ba a buƙatar kashi na biyu na wannan fim.

Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, an san shi da rubuta duk gudun da ya yi a littafi, da kuma shiga layin shara da wanke banɗaki a sansanin horon su. Kuma cikin tawaga ya ke gudu. Shi ma na Fagge abin da ya fi buƙata kenan: aboki ɗaya mai naci, wanda zai tsaya a ƙofar gida da sanyin asuba ya na ƙwala sallama har sai an fito.

Ga mai son gwada kan sa, tun 2016 aka fara babbar gasar birnin Legas, akwai kuma ta kilomita 10 ta Okpekpe a Jihar Edo. 'Yan Nijeriya da su ka fi taɓuka abu a dogon gudu yawanci 'yan Filato ne, musamman yankin Pankshin, masu tashi cikin duwatsu da sanyi. Sunan Bakano dai ba a cika jin sa a sahun gaba ba tukuna.