Zafin Bazara Da Injin Babur: Abin Da Masu Hawa A Rano Da Kibiya Ya Kamata Su Sani

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a jihar Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin salshiyas, wani lokacin ma ya wuce. A daidai wannan lokaci ne injin babur ya fi saurin lalacewa, kuma a lokacin ne mai hawa ya fi galabaita. A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya kuwa, babur ba kayan ado ba ne. Tun watan Janairun 2013 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin birnin Kano, amma a garuruwa irin su Rurum, Lausu, Zurgu, Tarai, Durba da Kahu, har yanzu babur ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko buhun taki, shi ke kai ɗalibi makaranta. Idan inji ya buga, abincin gida guda ne ya tsaya, ga kuɗin fistin da ringi da na bakanike.

Yadda injin yake sanyaya kansa

Mafi yawan baburan da ke kan hanyoyin nan, irin su Bajaj Boxer, TVS, Jincheng da Haojue, ba su da lagireto irin na mota. Abu biyu kawai ke rage musu zafi: iska da baƙin mai. Layukan ƙarfen nan da ke jere a jikin silinda an yi su ne don su ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa ta kwashe zafi. Shi kuma baƙin mai, ban da santsi da yake bai wa ƙarafa, yana ɗauko zafi daga cikin inji ya sauke shi a jikin murfinsa.

Zafin da ake magana ba kaɗan ba ne. Daga ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke zama tafiya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk zafi ne da ke fita ta salansa da jikin inji. Ma'ana, muddin babur ba ya gudu, ko iskar da ke kaɗawa ita ma mai zafi ce, zafin zai taru ya rasa mafita. Shi ya sa babur ɗin da aka bari a kunne a tsaye a bakin kasuwa ana jiran fasinja yake shan wahala fiye da wanda ke tafiya a kan kwalta.

Abubuwan da ke ƙara masa zafi

Na farko shi ne rage mai a kafireto. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa na neman hanyar da lita ɗaya za ta kai shi nesa, wasu kuma kan sa bakanike ya matse mai sosai. Matsalar ita ce idan iska ta yi wa fetur yawa, wutar da ke ci a cikin silinda takan fi zafi. A nan ne araha take zama tsada. Filogi yana nuna gaskiyar lamarin: idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, saitin ya yi daidai. Idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji na ƙonewa. Idan ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa.

Na biyu shi ne ƙura. Hanyoyin ƙauyuka da dama burji ne, ƙurar kuma takan haɗu da man da ke tsatsafowa ta toshe tsakanin layukan silinda, ta zama kamar bargo. Haka ma abin tace iska, idan ya toshe inji zai rasa ƙarfi, idan kuma aka cire shi gaba ɗaya, yashi zai shiga ya ci ringi.

Na uku shi ne lodi. Babur mai inji 100 ko 125 da aka ɗora wa mutum uku da buhun shinkafa daga gonakin rani na yankin Bunkure dole ya yi aiki da ƙaramar giya a hankali. Wutar ta ƙaru, iskar ta ragu.

Na huɗu shi ne mai mara kyau. Fetur ɗin 'yan bumburutu da aka gauraya da wani abu yakan sa inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan kuma alama ce ta wuta na tashi ba a kan lokaci ba. Shi ma baƙin man da ake aunawa a kwalba ba tare da an san asalinsa ba yakan tsinke da wuri idan ya ji zafi.

Abin da ya kamata a yi

A duba baƙin mai kowace safiya kafin a tayar da babur, yana tsaye a miƙe. Irin waɗannan injina kusan lita ɗaya kawai suke ɗauka, don haka raguwa kaɗan ma babbar asara ce. A yi amfani da lambar man da littafin babur ya faɗa, wanda a yawancinsu 20W-50 ne, kuma a bazara gara a yi juye da wuri a kan a jinkirta. A wanke jikin silinda da buroshi idan inji ya huce. A kashe babur idan tsayuwar za ta wuce minti ɗaya ko biyu. A auna iskar taya da safe, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ɗaukar zafi kuma tana ƙara wa inji nauyi.

Alamomin inji ya ɗauki zafi su ne raguwar ƙarfi, warin ƙonannen mai, da kuloci da ke yin nauyi ko zamewa. Idan aka ga haka, sai a nemi inuwa a kashe shi na kamar minti 15. Abin da bai kamata a yi ba shi ne watsa masa ruwan sanyi. Kan silinda na alminiyam ne, sanyin farat ɗaya na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

Waya a kan babur

Matasa da yawa yanzu suna ɗaura waya a kan sitiyarin babur don amsa kiran fasinja ko duba taswira. Batirin waya ba ya jure irin wannan zafi. Kamfanin Apple ya ce iyakar zafin da ya dace a yi amfani da iPhone a cikinsa digiri 35 ne, kuma batirin da ke cikin Tecno, Infinix da itel irin wannan sinadarin litiyam ne. Waya a fuskar rana tana caji tana kuma aiki da GPS, hanya ce mafi sauri ta kumburar da batir. A watan Satumbar 2021 ma kamfanin ya gargaɗi masu babura cewa girgizar inji na iya lalata kyamarar wayoyinsa. Ya fi dacewa a bar wayar a aljihu ko jaka, a duba ta idan an tsaya.

Amma wayar na da amfaninta. Manhajar hasashen yanayi na nuna sa'o'in da zafi zai fi tsanani, wanda yawanci tsakanin ƙarfe 1 zuwa 4 na yamma ne, hukumar NiMet ma tana fitar da gargaɗin zafi a shafukanta na sada zumunta. Da kalandar waya ana iya ajiye ranar juye da adadin kilomitar da aka yi. Masu son auna zafin inji kuma su sani cewa na'urar auna zafin goshi da aka saba gani lokacin korona a 2020 ba za ta yi ba, domin an yi ta ne don jikin mutum. Akwai ta masu aikin injiniya mai kama da ita, ita ce ke iya karanta ɗaruruwan digiri.

Jikin mai hawa

Zafin fatar mutum yana kusa da digiri 35. Idan iskar gari ta wuce haka, gudun babur ba ya sanyaya jiki, sai ma ya busar da gumi da sauri har mutum bai san ruwan jikinsa na ƙarewa ba. Don haka riga mai dogon hannu, fara ko mai haske, ta auduga, ta fi singileti kariya. Hular kwano mai ƙofofin iska ta fi dacewa, kuma zafi ba hujja ba ce ta ajiye ta. Takalmi rufaffe da dogon wando na kare ƙafa daga salansa, wanda ya sha ƙona ƙaurin fasinjoji, musamman mata da yara. A tabbatar murfin salansar na nan, kuma a riƙa sauke fasinja ta ɓangaren hagu, tunda a dama take.

A sha ruwa kafin a ji ƙishirwa. Wanda ya yi gumi sosai zai iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu azumi su yawaita ruwa da sahur, su mayar da doguwar tafiya zuwa safiya ko bayan la'asar.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da fitsari mai duhu alamu ne na a tsaya a huta. Idan kuwa mutum ya fara ruɗewa, magana ta sarƙe masa ko ya suma, wannan bugun zafi ne da ke iya kisa. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a Rano ko Kibiya, ba tare da jiran rana ta yi sanyi ba.