SABUNTA LASIN REDIYON 'YAN SHA'AWA

Akwai mutanen da suke ajiye na'urar wayar iska a gidajensu don sha'awa da neman ilmi, ba don ciniki ba. Mutum yana zaune a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, sai ya kunna na'urarsa a kan mita 20 ko mita 40, ya yi magana da takwaransa na Maradi ko na Masar. Wannan sha'awa halal ce, amma da sharaɗi: sai da lasin da bai ƙare ba.

Dalilin Doka

Iskar da ke ɗauke da magana dukiyar ƙasa ce. A cikinta jiragen sama da sojoji da 'yan sanda suke aika saƙonninsu. Saboda haka Dokar Wayar Iska ta 1961 ta hana kowa kafa na'urar aikawa ko aiki da ita ba tare da lasin ba. Haka kuma ƙa'idodin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janiba suka tanada. Ita ce ta ba Nijeriya alamar kira mai farawa da 5N, ta ba Jamhuriyar Nijar 5U. Wajibi ne mai tasha ya riƙa faɗin alamarsa a kai a kai, kada kuma ya yi zaurance don ɓoye ma'anar maganarsa.

Inda Ake Zuwa

Gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma ba su da iko a kan wannan al'amari, na Gwamnatin Tarayya ne. Hukumar NCC tana kula da kamfanonin waya, NBC tana kula da gidajen rediyo da talabijin, ita kuwa Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da ke Abuja tana kula da masu amfani da iska ba don riba ba. Ƙungiyar 'Yan Sha'awar Rediyo ta Nijeriya, wato NARS, takan ba membobinta shawara.

Kafin Ranar Ƙarewa

Ya kamata mai lasin ya duba ranar ƙarewa a jikin takardarsa, ya rubuta neman sabuntawa tun da sauran lokaci, ya ambaci alamar kiransa da adireshin tasharsa. In ya ƙaura, misali daga Lafiya zuwa Akwanga, sai ya faɗa. Tun da aka tsananta tsarin Asusun Bai Ɗaya a 2015, kuɗin Gwamnatin Tarayya can ake zuba shi. Kada a damƙa wa kowa a hannu. A adana rasidi da kwafin wasiƙa.

In Ranar Ta Wuce

Rasidi ba lasin ba ne. Idan ranar ta cika alhali sabon lasin bai iso ba, abin da ya fi shi ne mutum ya daina aikawa har sai ya sami izini a rubuce. Waɗansu sukan ruɗe da dokokin waɗansu ƙasashe. A Amurka lasin na shekara 10 ne, ana kuma ba wanda ya makara shekara 2 ya sabunta, amma ko a can ba a yarda ya yi magana ta iska a cikin wannan tsakani ba.

Wanda aka kama yana aikawa da mataccen lasin, hukuncinsa ɗaya ne da na wanda bai taɓa yanka ba: ana iya gurfanar da shi gaban kotu, ya kuma rasa na'urarsa. Bugu da ƙari, a wannan zamani da ake fama da 'yan bindiga, na'urar oba-oba marar takarda tana jawo wa mai ita tuhuma a shingen jami'an tsaro. Rigakafi ya fi magani.