Ruwan Bagaja: Tafiyar Wanda Ya San Abin da Ya Fito Nema

Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, in ya yi haƙuri ya ɗaga ƙamusoshi da littattafan jarrabawa da aka jibge a sama, da wuya ya rasa wani ɗan siririn littafi a ƙarƙashinsu, wanda ƙurar hunturu ta dusashe bangonsa, alhali kuwa ya girmi mai rumfar da mahaifinsa. Shi ne Ruwan Bagaja na marigayi Alhaji Abubakar Imam.

Asalinsa gasa ce. A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke shugabancin Hukumar Fassara a nan Zariya, ya nemi malaman Arewa su ƙago labarai da Hausar boko, sai wani saurayi ɗan shekara 22, haifaffen Kagara, wanda ke koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya aiko da nasa, aka buga shi a 1934 tare da Ganɗoki da Shaihu Umar. Wannan saurayin ne ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma a Zariya Allah ya yi masa rasuwa a 1981.

Galibin waɗanda suka karanta shi a makaranta, in ka tambaye su, abin da ya zauna musu a rai shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman da ramuwar gayya da ke tsakaninsa da Alhaji, jarumin labarin, yau wannan ya jefa wancan a masifa, gobe wancan ya rama; masana kuwa sun daɗe da lura cewa wannan salo yana da kama da na Maƙamatul Hariri, wadda almajiran zaure suka sani. Amma ni a ganina ƙashin bayan littafin yana can farkonsa, wurin da aka wulakanta Liman, mijin mahaifiyar Alhaji, a gaban fada, don kawai ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, aka mai da maganar dattijo abin izgili. Alhaji bai fita don dukiya ko sarauta ba, shi kansa kuma ba shi da ciwon da ruwan zai warkar. Ya fita ne domin ya gaskata maganar mutumin da ya riƙe shi, kuma wannan maƙasudi guda ɗaya, wanda yaro ma zai iya faɗinsa da numfashi ɗaya, shi ya ɗauke shi shekara 15 cikin ƙasashe, da ɗauri, da yunwa, da sha'anin aljannu, bai taɓa ɓace masa ba.

Na kan tuna da wannan duk lokacin da na zauna da ɗaliban jami'a a Samaru, inda matasa ke kwana kan takardu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da himmar da ba ni da abin cewa a kanta sai yabo, amma in ka ce wa ɗayansu, "Ɗana, me kake nema?" sai ya ambaci sunan takardar shaida ya yi shiru. Ba banza ba malamanmu ke fara karantar da Arba'una da hadisin niyya.

Kada a ɗauka Alhaji waliyyi ne. Ya yi ƙarya, ya yi damfara, ya ci da sunan malanta, mawallafin kuma bai ɓoye ko ɗaya ba. Ta fuskar hali, tazarar da ke tsakaninsa da Zurƙe ba ta kai taƙi ba. Hanya ɗaya suka bi, kasuwanni ɗaya suka ci, wahala iri ɗaya suka sha. Sai dai na karanta littafin ya fi sau goma, ina iya faɗin abin da ya fitar da Alhaji daga gida tun shafukan farko, amma har yau ban iya faɗin abin da Zurƙe ya fito nema ba.