Gajiyar Da Ba Ta Tafiya: Tiramol Ba Ita Ce Magani Ba

Duk mai cin kasuwar Jibiya, Ɗan Isa ko Ƙonni ya san yadda 'yan dako da direbobi ke jefa tiramol cikin kofi tun da asuba, wai don jiki ya saki. Har manyan 'yan kasuwa na sha a ɓoye, su ce kasala da ƙuncin zuciya ne suka dame su.

To jama'a, tiramol maganin ciwo ne, dangin su kodin. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini. Ta kan faranti kuwa akwai mai 225. Guda biyu sun zarce ƙa'ida, shi ya sa za ka ga matashi ya yanke jiki ya faɗi kamar mai farfaɗiya, ana cewa aljanu ne. Ranar da bai sha ba, gajiyar ta dawo ninki biyu.

Gajiyar da ta yi watanni tana da dalili: ƙarancin jini, ciwon suga, ko ciwon damuwa. Wanda ya yi mako biyu ba ya barcin kirki, abinci ba ya masa daɗi, ciniki ma ya fita daga ransa, ya je asibiti. Maganin damuwa na gaskiya yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Kuma a gaya wa likita in ana shan tiramol, domin haɗa ta da wasu magungunan damuwa akwai haɗari.