Babi na Tara: Suraj Mal da Ganuwar Ƙasa

Mutanen Jat manoma ne na yankin Mathura da Agra, kudu da Delhi. Sa'ad da daular Mogul ta fara lalacewa, Badan Singh ya kafa musu sarauta a Deeg. Magajinsa Suraj Mal, wanda aka haifa a 1707, shi ya faɗaɗa ta, ya kafe ta a kan garuruwa huɗu masu ganuwa: Deeg, Kumher, Weir da Bharatpur. Ƙarfin ganuwar nan kuwa ƙasa ce, irin wadda Bakano ya sani a badalarsa.

Masu cewa ginin ƙasa ginin talauci ne ba su san aikin igwa ba. Harsashin igwa in ya daki dutse, tsaga shi yake yi, ɓarɓashin ya kashe na bayan bango. In ya daki tudun ƙasa mai kauri, sai ya nutse ya yi shiru. Inda ya ɓarke, manomi da kwando da fartanya zai cike shi kafin gari ya waye. Ga kuma gwalalo cike da ruwa a gindi.

Rikicin fadar Delhi na 1753 dogo ne. A taƙaice, Suraj Mal ya goyi bayan Waziri Safdar Jang, abokin gabar wazirin, Imad-ul-Mulk, kuma ya kira mayaƙan Maratha. A farkon 1754 jagororinsu Raghunathrao da Malhar Rao Holkar suka yi wa Kumher ƙawanya. Wata huɗu igwa tana aman wuta, bango bai faɗi ba. A watan Maris harsashi daga cikin gari ya kashe Khanderao, ɗa tilo na Malhar Rao. An ruwaito cewa tsohon ya rantse sai ya kwashe ƙasar Kumher ya zuba a kogin Yamuna. Matar mamacin ta so ta bi gawar mijinta cikin wuta bisa al'adar lokacin, surukin ya hana ta. Ita ce Ahilyabai, wadda daga baya ta mulki Malwa kusan shekara 30, har yau ana yabon adalcinta.

Suraj Mal bai tsaya ga bango kaɗai ba. Ya aika wa Jayappa Sindiya, ɗaya daga cikin jagororin Maratha, rawaninsa, alamar 'yan'uwantaka, shi ma ya aiko masa da nasa. Kan maƙiya ya rabu. A watan Mayu aka yi sulhu a kan alkawarin rupi miliyan 3, aka watse ba a shiga garin ba.

Yanzu ga zancen da ya ishe ni. Masu kallon finafinan Indiya da suka ga fim ɗin Panipat na 2019 suna ɗaukar Suraj Mal makwaɗaici da ya juya wa Maratha baya don an hana shi Agra. Jat sun yi zanga-zanga a Rajastan saboda wannan fim, kuma da gaskiyarsu. A 1760 Suraj Mal ya shawarci jagoran rundunar Maratha, Sadashivrao Bhau, ya ajiye mata da manyan igwogi da kaya masu nauyi a wuri mai tsaro, ya yaƙi abokin gabarsu Ahmad Shah Abdali da farmakin dawakai. Bhau ya ƙi ji, Suraj Mal ya koma gida. Ranar 14 ga Janairu 1761 aka ragargaza Maratha a Panipat. Dubban da suka tsere, tsirara da yunwa, wa ya ciyar da su, ya tufatar da su? Mutumin da suka yi wa ƙawanya shekara bakwai baya. Haka maci amana yake yi?

A 1761 ɗin Suraj Mal ya ƙwace Agra. A Disamba 1763 aka kashe shi kusa da Delhi yana yaƙi da Najib-ud-Daula, a fili, nesa da ganuwarsa.

Aikinsa ya fi shi daɗewa. A 1805 Janar Lake na Ingila ya kai wa Bharatpur hari sau huɗu, ya yi asarar sojoji wajen 3,000 tsakanin matattu da raunata, ya janye. Sai a Janairu 1826 Turawa suka ci garin, shi ma sai da suka haƙa rami ƙarƙashin ganuwar suka cika shi da albarushi.