Biyan Kuɗin Wata Ba Ya Tsare Maka Aikinka

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin matasanmu masu rubuta manhaja, wai "ai ni na biya, aikina yana hannun manya." Mutum zai fafata neman katin da zai cire dala, ya shiga tsarin biyan kuɗi na GitHub ko GitLab, daga nan ya miƙe ƙafa, har ya goge abin da ke kwamfutarsa don samun wuri. Wannan ganganci ne.

Waɗannan kamfanoni ma'ajiyoyi ne a intanet inda ake tara rubutun manhaja da tarihin duk gyaran da aka yi masa, bisa tsarin Git da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Mu koma kan kuɗin.

Me kuɗin ke saya? Tun Janairun 2019, 'yan watanni bayan Microsoft ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5, ma'ajiyar sirri ta zama kyauta. A Afrilun 2020 aka sauke farashin tsarin ƙungiya daga dala 9 zuwa dala 4 ga kowane mutum a wata, na manyan kamfanoni kuma ya tsaya a dala 21. Abin da mai biya ke samu shi ne ƙarin lokacin gwajin manhaja, ƙarin wurin ajiya, ikon tsara wanda zai taɓa me, da saurin amsa idan ya kai kuka. Duk abubuwa ne masu amfani. Amma injinan da ke riƙe da aikinsa su ne dai ke riƙe da na ɗalibin da bai biya ko sisi ba. Ran 21 ga Oktoban 2018 layin sadarwa tsakanin cibiyoyin GitHub a gabashin Amurka ya yanke na daƙiƙa 43 kacal, amma sai da aka shafe awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita. Ba a ware masu biya an ba su wata ƙofa ta daban ba. Kowa ya zauna jira.

Za a ce ai akwai alƙawarin cewa shafin zai yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Gaskiya ne, amma a GitHub wannan alƙawari na masu babban tsarin ne, mai dala 4 ba ya ciki. Sannan a yi lissafi: kashi 99.9 na nufin an yarda shafin ya tsaya kusan awa 8 da minti 45 a shekara ba tare da an saɓa komai ba. Idan kuma aka wuce haka, diyyar ragi ce a kuɗin da za ka biya nan gaba. Ba za a biya ka kwangilar da ta kuɓuce ba, kuma alƙawarin na ci gaba da aikin shafi ne, bai ce abin da ya ɓata zai dawo ba. Mutane nawa ne ke karanta wannan kafin su danna amincewa?

Wanda bai gamsu ba ya tambayi abokan cinikin Code Spaces, wata ma'ajiya irin waɗannan; masu biyan kuɗinsu ne, kuma kamfanin yana tallar cewa yana da ajiyar ko-ta-kwana. A Yunin 2014 wani ya kutsa asusun kamfanin na Amazon, inda yake ajiye bayanansa, ya nemi kuɗin fansa, da aka yi yunƙurin korarsa sai ya share bayanai har da ajiyar, domin duk mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Kamfanin bai sake tashi ba. A Afrilun 2022 kuwa, kuskure wajen aikin share wata tsohuwar manhaja a kamfanin Atlassian ya goge shafukan abokan ciniki kusan 775, wasu sai bayan mako biyu suka dawo aiki.

Wani lokacin ma ba hatsari ba ne: Google Code ya rufe a 2016, Bitbucket ya daina karɓar ma'ajiyoyin Mercurial, wani tsari mai kama da Git, a 2020, takunkumin Amurka kuma ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya a GitHub a 2019.

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin Git ɗin kansa. Duk wanda ya sauke ma'ajiya zuwa kwamfutarsa ya sauke ta da tarihinta ne, don haka kada ka goge naka kwafin. Ka buɗe asusu na biyu a wani kamfani dabam, ko da na kyauta ne, ka riƙa tura aikin wurare biyu. Ka ajiye na uku a faifan da ba ya haɗe da intanet, ka sabunta shi duk mako, kuma kada ya kwana cikin jaka ɗaya da kwamfutar, don ɓarawo ba ya zaɓe. Ka sani cewa rahotannin matsala da muhawarar da aka yi kan gyare-gyare ba sa biyo kwafin. Su sai an fitar da su dabam.

Sannan ka gwada ajiyar, kada a yi ihu bayan hari. Ran 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya share rumbun bayanai na kusan gigabait 300 bisa kuskure, da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da ake taƙama da su, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su. Rubutun manhajojin bai taɓu ba, amma bayanan waɗannan awanni shida sun tafi. In injiniyoyin da wannan ce sana'arsu sun faɗa ramin, kai ma ɗauki faifanka wata-wata ka buɗe aikin a wata kwamfuta ka ga ko zai tashi.

Kada asusun kamfani ya rataya a wuyan mutum ɗaya, a naɗa masu iko biyu. A kunna tantancewa mai mataki biyu, a rubuta lambobin ceto a takarda, domin wayar da ta faɗa ruwa tana iya tafiya da asusun. A lura da ranar da katin banki zai mutu. Ɗalibi kuma, kafin ya taɓa aljihunsa, ya nemi tsarin ɗalibai na GitHub, wanda ke ba da na mai biya kyauta da shaidar makaranta.